Orijina, Beljiyam ko Ɗan Araha: Wanne Ya Kamata Ka Saya wa Tsohon Babur Ɗinka?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan babur ya san yadda ake yi. Ka ce kana son fulogi, sai mai shago ya ɗora maka uku a kan kanta ya ce, "Alhaji, wannan orijina ne, wannan mai bi masa, wannan kuma na daidai kuɗinka." Idan ka nemi wani abin da ya fi fulogi girma, sai ya ƙara da na huɗu, wato ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga jikin wani mashin. Yawancin sababbin kayan daga Sin da Indiya suke, wasu kuma ta kasuwar Nnewi da ke jihar Anambara suke biyowa kafin su iso Arewa. Na daɗe ina riƙe da tsohon babur ina lallaɓa shi a ƙofar gida, kuma abin da na fahimta shi ne babu amsa ɗaya ga dukkan kaya. Akwai inda araha ba ta ado, akwai inda tsohon ƙarfe ya fi sabo, akwai kuma inda ɗan arahar ma ya wadatar.

Kafin ka fita da kuɗi, ka tabbatar da abin da ya lalace. Babur mai ƙin tashi da safe abu uku yake nema: wuta, mai da iska. Kwance fulogi da sifanarsa, mayar da shi cikin hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji, ka buga kik. Idan ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, wuta lafiya take. Sannan ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara alama ce ta inji mai lafiya. Baƙi busasshe kamar kunkunniya yana nufin fetur ya yi yawa ko filtar iska ta toshe. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa, galibi ringi ya gaji. Mutane da yawa sun sayi kafireta sabuwa alhali soson filta ne kawai ƙurar hunturu ta cike.

Fulogi na daga cikin abubuwan da ba na yarda a yi musu rowa. Ƙananan injina masu cc 110, irin na roba-roba, yawanci C7HSA suke ɗauka, masu zubin CG125 kuma D8EA, kuma tazarar bakinsu tana tsakanin milimita 0.6 zuwa 0.7. Ka karanta lambar da ke jikin tsohon naka, kada ka dogara da cewar mai shago wai "duk ɗaya ne". Matsalar ita ce sunan NGK, kamfanin da ke ƙera fulogi, ya yi farin jini har jabunsa ya cika kasuwa. Na taɓa sayen ɗaya a wani shago, kwali fes, bai cika mako biyu ba ya bar ni ina tura babur da tsakar rana da buhun masara a baya. Tun daga nan nake duba abu uku: rubutun jikin farin tangaran ya fito tsaf ba tare da dusashewa ba, zaren ya yi santsi, zoben ƙarfen da ke gindinsa kuma kada ya zare da sauƙi in ka juya shi da yatsa. Fulogin Beljiyam kuwa ka bar shi inda ka gan shi, ba ka san iya wahalar da ya sha ba.

Sai baƙin mai, wanda a ganina shi ke raba babur mai shekara goma yana aiki da wanda ya mutu a shekara uku. Zaɓi uku ne a gabanka: na galan da aka rufe daga kamfani, na awo da ake tsiyayowa daga duro, da man mota da wasu ke zubawa don shi ke kusa. Na awo ya fi sauƙin kuɗi, amma ba ka da hanyar sanin abin da ke cikin duron. Man mota kuma yana da tasa illar da ba kowa ya sani ba. A irin waɗannan babura kuloci a cikin baƙin mai yake iyo, wasu mayukan mota kuma an sa musu sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya riƙa zamewa, ka murɗa totur inji ya yi ihu babur bai ƙara gudu ba. Ka nemi gorar da aka rubuta 4T da JASO MA a jikinta. Ga tsohon inji a zafin ƙasarmu, 20W-50 ya fi dacewa saboda kaurinsa. Mafi yawansu lita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan suke sha, don haka ka duba sandar awo maimakon ka juye gorar duka. Mai tsohuwar Jincheng AX100 shi kuma nasa daban ne, injinta na ƙona mai tare da fetur, 2T ake zuba mata a ɗan tankinsa na daban, ba a musanya shi da wani.

A kan kafireta nake son in daɗe, domin nan ne aka fi yin asara. Kafiretar da ta zo da babur daga kamfani, musamman idan ka ga Keihin ko Mikuni a jikinta, ta fi yawancin sababbin da ake sayarwa da arha inganci nesa ba kusa ba. Sabuwa 'yar araha tana da ƙyalli, amma sau da yawa ramukan jet ɗinta ba su yi daidai da injinka ba, sai sulo ya ƙi zama, ko ta riƙa shan fetur kamar an huda tanki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa aiki kullum a kan babur. Shawarata ita ce ka fara da wanki. Rufe famfon mai, kwance kofin ƙasa, za ka tarar da laka ko ɗigon ruwa, musamman in kana yawan sayen fetur a hannun 'yan bumburutu. Zare jet biyun, ka wanke da fetur, ka hura har ka ga haske ta cikinsu. Kada ka soka allura ko waya mai kauri, ramin tagulla ne, da ya faɗaɗa shi ke nan. Idan tana yoyo ta ƙasa, 'yar allurar da ke tsayar da mai ce ta cinye, ana sayar da ita tare da roba da jet a ƙaramin ƙunshi, kuɗinsa bai kai na kafireta ba ko kusa. Sai gangar jikin ta tsage ko zaren ya mutu ne za ka nemi wata, a nan kuma na fi son 'yar Beljiyam ta asali a kan sabuwa marar suna, da sharaɗin ka sa yatsa ka ɗaga fistin ɗinta ka ji ba ya girgiɗi. Ka ƙara da 'yar filtar fetur a kan tiyo, abu ne mai arha da ke hana rabin wannan wahala.

Sarƙa da faifanta biyu masu haƙori tare ake canza su. Na san aljihu kan sa mutum ya sayi sarƙa kaɗai, amma tsofaffin haƙora da suka lanƙwashe kamar ƙugiya za su cinye sabuwar cikin 'yan watanni. Lambarta na nan a gefen ƙarfenta, 420 ko 428, ka sayi irin ta. A nan matsakaicin kaya ya isa, muddin za ka riƙa ɗiga mata mai, ka bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Wadda aka ɗaure tamau tana kashe boris.

Kayan cikin inji, wato fistin da ringi, ko dai ka sayi mafi kyau ko ka haƙura sai ka tara kuɗi, don kuɗin buɗe inji sau biyu ya fi bambancin farashin. Ka dubi saman tsohon fistin, za ka ga STD ko 0.25 ko 0.50, wanda ke nuna ko an taɓa faɗaɗa bulok. Wannan aiki ne na bakanike, amma ka je sayayyar da kanka ko ku je tare, ka kuma karɓi tsohon da aka cire.

Batir kuwa, na rufe wanda ba a ƙara masa ruwa ya fi sauƙin sha'ani, na ruwa kuma ya fi arha amma yana son a riƙa duba shi, a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai, ba asid ba. Kafin ka saya ka ari mita: lafiyayye yana nuna wajen volt 12.6 a kashe, in an tayar an ɗan murɗa totur ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, caji ne babu, sabon batir ma mutuwa zai yi. CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, da kwayil ka tafi da tsohon a hannu a gwada bakin soket, domin akwai mai aiki da wutar batir, akwai mai aiki da ta magneto, kuma masu shago ba su cika karɓar kayan wuta in an fita da su ba.

Inda ɗan araha ya wadatar shi ne madubi, gilashin sigina, robar hannu, murfin gefe da rigar kujera. Birki da taya ba sa cikin wannan sahu. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Tayar da ta daɗe a ajiye tana bushewa ta tsattsage ko ba a taɓa hawanta ba, don haka ka sa a juyo maka gefen ka karanta da idonka kafin a kai ta wurin mai faci.