Yankan linzamin jariri a wani ƙaramin asibiti kusa da Aboabo

Abin da ya sa nake yaba wa ungozomomin wannan asibiti na Kumasi shi ne ba sa gaggawar ɗauko almakashi don yankan linzami, wato fatar da ke haɗa ƙarƙashin harshe da ƙasan baki. Idan uwa ta zo da kukan kan nononta ya tsattsage, jariri na ta tsotso babu ƙoshi, sai a ce ta zauna ta ba shi nono a gabansu. Ana duba ko ya wangale baki ya haɗa har da baƙin nonon, ko yana kamawa yana saki, da yadda kan nonon ke fitowa a matse bayan ya sha. Sau da yawa riƙon ne bai yi daidai ba, ana gyarawa zafin ya lafa, ba a yanka komai ba.

Sai bayan haka ungozoma ta sa safar hannu ta zura yatsa ƙarƙashin harshe. Linzamin da ke hana shan nono yakan ɗaure harshe ya kasa wuce dasashin ƙasa, ya kasa ɗagawa in yaro na kuka, tsininsa ya dare gida biyu. Ana haɗawa da katin awo: ya kamata jariri ya koma nauyin haihuwarsa cikin mako 2, ya kuma jiƙa ƙunzugu aƙalla 6 a rana daga kwana na 5.

Kafin yanka suna tambaya ko an yi masa allurar bitamin K mai taimaka wa jini ya tsaya, da ko akwai mai ciwon rashin tsayawar jini a dangi. A naɗe shi da zane, a ɗaga harshe, a datse siririyar fatar kaɗai, a danna auduga, a miƙa wa uwa ta ba shi nono nan take. Jinin 'yan ɗigo ne. Linzami mai kauri kuwa ba sa taɓawa, babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye suke turawa. Wannan taka-tsantsan ya dace, domin jijiyoyin jini da hanyoyin yawu suna nan dab da wurin. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an bar wa wanzami aikin ranar suna.

Inda suka gaza shi ne bayanin sallama, a gurguje ake yi, da yaren Asante kuma. Wurin yankan yakan yi fari-fari na mako 1 zuwa 2, warkewa ce. Uwar da ba a gaya wa ba sai ta zaci ruɓa ne ta goge, jini ya dawo. Iyaye mata, ku nemi a maimaita muku da Hausa, ku kuma tambayi ranar dawowa awo kafin ku fita.