Silikon ko tef mai kwalta: wanne zai riƙe rufin tirelar kwana?

Alhaji, barka da damina. Ka ce ka sayi tirelar kwana 'yar Beljiyam, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya, mai gado da wurin girki a ciki, ta sauka a Duwala aka hauro maka da ita Garwa. Da ruwa ya kankama sai ɗiga ta fara ta gefen tagar sama, bangon kabad ɗin kusurwar baya kuma ya yi tabo. Mai shagon kayan gini ya ce ka sa silikon, mai gyaran bodi ya ce ka manna tef ɗin nan mai kwalta mai bayan alminiyam, shi ne kake neman a jera maka su a ga wanda ya fi.

Kafin a auna su, ya kamata a san irin nauyin da za a ɗora musu. Rufin tirelar Turai falle ne siriri na alminiyam ko na faiba, ƙarƙashinsa farin soso mai tare zafi, sai 'yan sandunan katako da filawud ɗin silin. Fallen kansa ba ya yoyo sai in reshe ya huda shi. Ruwa ta mahaɗa yake shiga: kewayen tagar sama, gindin bututun iska, gindin eriya, da doguwar sandar alminiyam da ke bin gefen rufi inda ya haɗu da bango, wadda aka ɗaure da jerin sukurori. Kuma waɗannan mahaɗan ba a tsaye suke ba. Alminiyam yana miƙewa da kimanin milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Rufi mai tsawon mita 5, idan tsakanin sanyin asuba da ranar azahar aka samu ratar digiri 40 a jikin ƙarfen, zai miƙe ya koma da kusan milimita 5 a wuni guda. Robar tagar sama ta fi shi miƙewa. Ga kuma jijjiga: duk wanda ya ja tirela a hanyar Ngaundere, ko ya sauka daga kwalta ya shiga gargadar gandun dajin Benuwe, ya san yadda akwatin yake murɗewa. Saboda haka abin liƙin da ake nema shi ne wanda zai bi rufin duk inda ya motsa ba tare da ya saki baki ba.

Mu fara da rana, don ita ce ke fara kashe kaya a ƙasar nan. A wannan fannin silikon ya yi wa tef mai kwalta nisa. Hasken rana ba ya cin silikon da wuri, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa bai dame shi ba. Kwalta kuwa zafi ne maganinta. Bayan alminiyam ɗin yana kare ta daga haske, amma ba ya hana ta yin laushi. A rufin da ya sha rana za ka ga ta tsattsafo ta gefen tef ɗin, ƙura ta manne mata, in ruwan farko ya sauka sai baƙin zane ya gangaro a farin bangon tirela. A wurin da ya karkata, kamar kusurwar baya da ka ambata, tef ɗin yakan zame a hankali ya bar gurbinsa.

A wajen mannewa kuwa labari ya juya. Tef mai kwalta yana kama busasshen ƙarfe nan take, ka danna shi da mariƙin sukurudireba ka sauko, ko da hadari na haɗuwa. Shi ya sa yake da amfani a kan kwanon gida da rufin kwantenar shago, abubuwan da ba sa tafiya. Matsalarsa a tirela ita ce bai iya bin lungu ba. A kan sukuru yana yin tudu, a kwanar tagar sama yana naɗewa, kowane naɗi kuma ƙaramar hanya ce ta ruwa. Silikon yana shiga lungu yadda ake so, yana kama gilashi da tangaran ƙam, amma riƙonsa a kan robar tagar sama da tsohon danƙon kamfani ba shi da ƙarfi. Abin da na fi ƙinsa da shi shi ne yadda yake saki. Ba ya tsagewa a fili ka gani. Daga sama layin yana nan sumul kamar jiya aka sa shi, amma in ka sa farce a bakinsa sai ya ɗago gaba ɗaya, ka tarar da laka mai danshi kwance a ƙarƙashi. Ruwa ya daɗe yana bi ta nan, silikon ɗin ma ya hana wurin bushewa.

Akwai kuma maganar irin silikon ɗin. Mai arahar da ya cika shaguna, wanda ke tashin wari mai tsami idan an matso shi, asid yake fitarwa yayin da yake daskarewa, kuma wannan asid ɗin yana cin kan sukuru da ƙarfe mai shafen zinki. Akwai marar warin, ya fi dama a kan ƙarfe, sai dai matsalar saki tana nan.

Inda nake so ka fi tsayawa ka yi tunani shi ne gyaran gaba, domin babu abin liƙin da zai zauna har abada a rufin da ke tafiya. Silikon idan ya bushe, babu abin da ke kama shi. Fenti ba ya zama a kansa, wani danƙon ba ya manne masa, sabon silikon ma ba ya riƙe tsohon da kyau. Ko ka kankare shi, yana barin wani santsi a jikin ƙarfe da ido ba ya gani, kuma duk abin da ka shafa a kan santsin nan zai saki. Wato ranar da ka samu kayan kirki, sai ka ɓata wuni kana gurza kafin ka fara aiki. Kwalta ita ma tana barin baƙin danƙo, kuma ba ta fita sai da man da ke narkar da ita. To shi wannan man, in ya tsiyaya ta tsaga ya isa ga farin soson da ke ciki, narkar da shi yake yi, yana kuma dusashe robar taga. Ga masu tirelar Amurka a cikinmu abin ya fi muni: yawancin rufinsu shimfiɗar roba ce, EPDM ko TPO, kuma kwalta da fetur da kananzir suna kumbura EPDM su lalata ta. Su nasu danƙon daban ne, wanda ke bajewa da kansa a kan mahaɗa, irin na kamfanin Dicor.

Idan ka matsa mini in zaɓi ɗaya cikin biyun a tsakiyar Agusta, ruwa na zuba a kan katifa, zan ce ka sa tef, a matsayin abin da za a cire da zarar damina ta ɗauke. Silikon kuwa ka bar shi wa gefen wurin wanke hannu da banɗakin cikin tirelar, nan ne gidansa. Amma gaskiyar magana, Alhaji, aikin rufin tirela da wasu kaya biyu ake yinsa, kuma kowanne da wurin zamansa.

Na farko shi ne butil. Yana zuwa a naɗe kamar igiya ko faffaɗan zare, galibi ruwan toka, da takarda a bayansa. In ka ja shi miƙewa yake kamar cingam, ba ya warin kwalta, kuma ba ya daskarewa ko bayan shekaru. Wurinsa ƙarƙashi ne: a kwance tagar sama, a share tsohon danƙo, a shimfiɗa butil a kewayen ramin, a mayar da tagar, a ɗaure sukurori sannu a hankali, wannan kusurwa sannan ta gabanta, har sai ya ɗan bullo ta gefe. Matsewar ce ke tare ruwa, kuma da yake yana nan da laushinsa, duk motsin da rufi ya yi zai bi shi. Bayan kwana biyu a sake ɗan ƙara ɗaurin, don yakan zauna. Akwai ma tef ɗin butil mai bayan alminiyam, wanda a ido yake kama da mai kwaltar. Ka ɗaga takardar ka shinshina kafin ka biya. In ka same shi, shi ya kamata ka sa yanzu a madadin wanda mai gyaran bodi ya nuna maka, don ya fi jure zafi kuma ba ya zubar da baƙi.

Na biyu shi ne danƙon kwalba da ake matsawa da bindiga a rufe bakin mahaɗa da kan sukurori daga sama. Mutane sun fi sanin sunan Sikaflex, na kamfanin Sika na Suwizalan, amma lambar da ke jikin kwalbar tana da muhimmanci. Sikaflex 221 foliyuretan ne, wato wani nau'in roba, yana kamawa da ƙarfi, ana iya yi masa fenti, sai dai in an bar shi tsirara a rana yakan yi gari-gari a sama ya fara tsattsagewa. Sikaflex 522 an yi shi ne don waje, ya fi jure rana da ruwa. Duk kwalbar da ka ga an rubuta MS polymère a jikinta, kamar Fix All na kamfanin Soudal na Beljiyam, dangin 522 ce. Waɗannan ba sa fitar da asid, suna miƙewa su dawo, kuma nan gaba za ka iya wanke wurin ka ƙara sabo a kan tsoho. Gargaɗi ɗaya: manne ne mai ƙarfi, kada ka sa shi a ƙarƙashin tagar sama a madadin butil, in ba haka ba ranar da za a cire tagar sai an fasa ta. Ka kuma duba ranar ƙarewar aiki a gindin kwalbar. Yawancinsu kusan shekara guda suke yi a ajiye, kuma wadda ta kwana a shago mai rufin kwano tun bazarar bara tana iya daskarewa a ciki. In ba ka samu a Garwa ba, gara ka yi saƙo daga Duwala ko Yawunde da ka karɓi abin da aka miƙo maka.

Lokacin aikin ma ba a yi masa gaggawa. Irin wannan danƙon da laimar iska yake daskarewa, kusan milimita 3 a wuni idan iska na da danshi daidai. A tsakiyar hunturu, da iska ta bushe ƙayau, yana jinkiri, ƙurar kuma tana hawa kansa tun bai yi fata ba. Da azahar a bazara ƙarfen ya wuce zafin da aka yarda a shafa danƙon, wato digiri 40. Ni a ganina ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi a Garwa, da safe, a ƙarƙashin rumfa. 'Yan'uwanmu na Marwa da Kuseri da Njamena, da ruwansu ke ɗaukewa da wuri, suna iya farawa kafin haka, na Ngaundere kuma su ɗan ƙara jira. A wanke wurin da sabulu, a bari ya bushe, a goge da tsumma mai ɗan sifirit, a jira ya tashi gaba ɗaya. Kada yaron gareji ya goge maka da fetur ko gas, maiƙo suke bari, kuma danƙo ba ya kama maiƙo. Haka nan kada a bari a cusa fotin bodi ko gam mai haɗi biyu a mahaɗa. Suna yin tauri, tafiya ɗaya a gargada za su tsage.

Tabon kabad ɗin ya fi tsaya mini a rai a kan ɗigar tagar sama. Ruwa ba ya tsami banza. Mai yiwuwa ba daga tagar yake zuwa ba, domin ruwa yakan shiga ta wani sukuru a sandar gefe ya bi katako ya fito can nesa. Ka sa mutum ɗaya a ciki da tocila, kai kuma ka riƙe tiyo ba da ƙarfi ba, ka fara jiƙawa daga ƙasan bango kana hawa, kana tsayawa 'yan mintoci a kowane wuri. In ka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe ba za ka gane ƙofar ba. Da rani kuma ƙura tana yi maka wannan binciken kyauta: buɗe kabad bayan tafiya a jar hanya, inda ka ga siririn layin ja a kusurwa, nan ruwa zai bi da damina.

Sannan ka danna bangon da babban yatsa a kewayen tabon. In ya yi tauri, alhamdu lillahi, bushewa kawai yake so: a ɗaga sandar gefen idan ruwa ya ɗauke, a bar iska ta shiga, a mayar da ita a kan butil da sababbin sukurori marasa tsatsa. In yatsanka ya nutsa, ko sukuru ya riƙa juyawa ba ya kamawa, katakon ciki ya ruɓe, kuma babu danƙon da zai yi aiki a kan sandar da ba ta da abin riƙewa, sai kafinta ya buɗe ta ciki ya canza guntun. Mai na'urar auna danshin katako zai iya tabbatar maka: ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya lau, sama da kashi 20 sai a buɗe a duba.

Kafin nan, idan ka ajiye ta, ka ɗan ɗaga gabanta don ruwa ya gangara maimakon ya kwanta a bayan tagar sama. In tamfol za ka rufa, ka sa sanduna ya ɗan tashi daga rufin iska ta wuce, kada kuma gefensa ya taɓa ƙasa, domin gara tana bin sa ta hau, kuma jiƙaƙƙen katako take nema.