WhatsApp, Shopify ko WooCommerce? Amsa ga Hajiya mai jakunkunan fata

Hajiya, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarki: kina sayar da jakunkuna da takalman fata daga gida a unguwar Mabera ta Sakkwato, masu saye sun fara zuwa daga Kaduna da Abuja, wani yaro ya ce zai buɗe miki shafin intanet da WooCommerce, ƙanwarki kuma ta ce Shopify ya fi. To, wanne za ki ɗauka, ko ki tsaya a WhatsApp ɗin da kike kai?

Kafin ki ba kowa ko kwabo, ki duba abu biyu: da wane kuɗi za ki riƙa biya, naira ko dala, sannan wa zai gyara ranar da abin ya lalace.

Na fara da Shopify domin maganarsa ba ta da tsawo. Kamfanin Kanada ne, kuma shagon haya ne da aka share aka yi wa fenti, naki kawai jera kaya. Ba ruwanki da gyara ko tsaro. Amma hayar wata-wata ce, da dala, ko kin yi ciniki ko ba ki yi ba. Kin dai san dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba kafin Yunin 2023, a 2024 kuma ta haura 1,500. Ga wani abin: tsarin karɓar kuɗi na Shopify ɗin kansa ba ya aiki a Najeriya, dole ki haɗa da kamfanin karɓar kuɗi ta intanet irin Paystack ko Flutterwave, shi kuma ya cire nasa kashi 2 cikin ɗari a tsarinsa na Basic, bayan abin da waɗancan suka cire. In masu sayenki suna Ingila ko Amurka suna biya da kuɗin waje, ya dace da ke. In 'yan Kaduna ne, kina samun naira kina zubar da dala.

WooCommerce kuwa fili ne aka ba ki kyauta, gini na kanki. Manhaja ce da ake ɗorawa a kan WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, ba a sayenta. Abin da za ki biya shi ne sunan shafin, wanda ake sabuntawa duk shekara, da hayar wurin da za a ajiye shi. Dukansu ana iya biya da naira a kamfanonin gida, kuma suna mai ƙarewa da .com.ng ya fi .com sauƙi. Shafin naki ne, sunayen masu saye da lambobinsu suna hannunki. Sai dai ginin da ba mai kula da shi, damina ɗaya ta ishe shi. Yana son sabuntawa a kai a kai, yana son a riƙa ajiye kwafinsa, in kuma aka cika shi da manyan hotuna sai ya yi nauyi, mai saye da ƙaramar data ya gaji da jira ya fita.

A nan na ƙone, shi ya sa nake jan kunne. Lokacin da na fara sayar da kilishi, wani ɗalibi ya gina mini shafi mai kyau, har na riƙa nuna wa mutane. Ashe da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan. Ya tafi bautar ƙasa, layinsa ya daina shiga, shekara ta zagayo, saƙon sabuntawa ya tafi wurinsa. Wata safiya na buɗe na tarar babu komai, ga ledoji ɗari biyar da na buga da adireshin a jiki, jibge a kusurwar ɗaki. Ba mugunta ya yi ba, ni ce ban san abin da zan tambaya ba. Saboda haka in kin yarda yaron nan ya yi miki, ku zauna tare, a yi rajistar da imel ɗinki da lambarki, ki rubuta kalmomin sirri a littafi, ku kuma yi tsadar kulawa ta shekara tun yanzu.

Yanzu WhatsApp. Mutane suna raina shi don kyauta ne, alhali nan kasuwarmu take. Matar da za ta sayi jakar dubu ashirin ba za ta danna maɓalli kawai ta biya ba. Tana so ki ɗauko jakar ki juya ta a bidiyo, ta ga ɗinkin ciki, ta tambaya ko fatar jar akuyar Sakkwato ce ta gaske, ta ce "Hajiya, a yi mini ragi mana." Shafin intanet ba ya taya ciniki.

Abin da nake so ki yi shi ne ki koma WhatsApp Business, da layi dabam da na gida. Yana da katalog mai ɗaukar kaya har 500, kowanne da hoto da farashi, sai ki huta da "nawa ne wannan?" sau hamsin a rana. Yana da alamomin da za ki raba wanda ya biya da wanda bai biya ba. Ki sa lambar sirri mai lamba shida ta tabbatarwa, domin masu ƙwace asusu ba sa barci. Rauninsa kuma ki san shi: wanda bai da lambarki ba zai same ki ba, saƙon bai-ɗaya yana tsayawa a mutum 256, kuma sai waɗanda suka ajiye lambarki ne za su gani. Don haka Instagram ko Facebook ne za su jawo baƙi, WhatsApp ya kammala cinikin.

Batun kuɗi, ki raba asusun sana'a da na cefane. Kada ki saki kaya don hoton rasit, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin da idonki, domin alat na bogi ya sa mata da yawa kuka. In kina son karɓar kati, Paystack yana da ɗan shago na kyauta da za ki jera kaya ki tura mahaɗinsa. Yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, wato naira 400 a jakar dubu ashirin. A Shopify, wannan jakar za ta ci miki 800, ban da haya.

Duk ukun babu mai kai miki kaya tasha. Ki samu direba ɗaya amintacce a layin Kaduna da Abuja, ki riƙa ɗaukar hoton ƙunshin da lambar motar ki tura wa mai saye.

Da ni ce ke, zan zauna a WhatsApp Business da shagon Paystack, kuɗin da zan ba yaron in sayi fitilar ɗaukar hoto da ƙaramin sola na cajin waya. Ranar da oda ta fi ƙarfin hannunki, kika fara mance wa ya biya wa bai biya ba, ki yi rajistar sunan sana'ar a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki kira yaron ku zauna a kan WooCommerce. Ki turo mini hoton jakunkunan, akwai bikin ƙanwata bayan Sallah.