Taswirar ƙarshen zamani ta shagunan Jos: yadda ta yi da mutum 144,000 masu hatimi

A shagunan littattafan Kirista da ke tsakanin Terminus da titin Ahmadu Bello ana samun wata taswira ta ratayawa a bango, wadda malaman makarantar Lahadi ke yawan saye idan nazari ya kai Ru'ya ta Yohanna, ko Wahayin Yahaya kamar yadda wani juyin ke kiransa. Bugun leda ce irin ta allon talla, faɗinta ya kusa na ƙofa idan aka kwantar, da huda huɗu a kusurwoyi don igiya. Ledar tana da ƙwari, ƙurar hunturu kuma da jiƙaƙƙen tsumma take fita. Manyan rubuce-rubucen ana karanta su daga benci na biyar, amma lambobin ayoyi ƙanana ne ƙwarai, sai an matso.

Tsarin zanen ba sabo ba ne. Jikan taswirorin da Clarence Larkin ya zana ne a Amurka, a kan koyarwar John Nelson Darby da Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909. Wato fyaucewar ikilisiya (ɗauke masu bi zuwa sama) da farko, sai shekara bakwai na tsanani da aka ɗauko daga bakwai saba'in na Daniyel 9:24-27, sai dawowar Almasihu da mulkin shekara dubu. A jeranta hatimai bakwai, ƙahoni bakwai da tasoshi bakwai na littafin Ru'ya, taswirar ta yi ƙoƙari. Ta kuma ajiye sura 7 a inda take, tsakanin hatimi na shida da na bakwai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sura 6 ta ƙare da tambaya, wa zai iya tsayawa, bayin Allah 144,000 na sura 7 da aka buga wa hatimi a goshi kuwa su ne amsar.

Inda gizo ke saƙar shi ne akwatin kabilu. Ru'ya 7:5-8 ta jera su haka: Yahuza, Ra'ubainu, Gad, Ashiru, Naftali, Manassa, Saminu, Lawi, Issaka, Zabaluna, Yusufu, Biliyaminu, kowace 12,000. Taswirar ta fara da Ra'ubainu, ta cire Manassa ta sa Dan. Da alama mai zanen daga 'ya'yan Yakubu na littafin Farawa ya kwafo, bai buɗe Ru'ya ba. Jimlar ta fita daidai, 144,000, shi ya sa ba a saurin lura, amma an shafe abin da ya fi ɗaukar hankali a wurin. A jerin Ru'ya Yahuza ya zo farko alhali ba shi ne ɗan fari ba, daga kabilarsa Ɗan Ragon, wato Yesu, ya fito. Dan ba ya ciki sam, Ifraimu ma ba a ambaci sunansa ba. Masu sharhi da yawa suna danganta rashin Dan da bautar gumaka ta Littafin Mahukunta 18 da ɗan maraƙin zinariya da Yerobowam ya kafa a Dan (1 Sarakuna 12:29). Iraniyus, wani malamin ikilisiya, tun ƙarni na biyu, cewa ya yi daga Dan magabcin Almasihu zai fito. Yohanna dai bai faɗi dalili ba, kuma a rabon ƙasa na Ezekiyel 48 Dan ne na farko, don haka kada malami ya ce wa aji an kori kabilar har abada.

Wani abin dariya kuma, injin bugun bai san harufa masu lanƙwasa ba, sai Ɗan Rago ya koma Dan Rago a ko'ina. A darasin da ake maganar kabilar Dan, yara za su rikice. Alƙalamin maka baƙi ya isa gyara duka biyun cikin minti kaɗan.

Laifin da maka ba ya gyarawa shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hoton: "Yahudawa masu bishara 144,000". Babu ayar da ta ce sun yi wa'azi. Fahimta ce ta masu wannan tsari, waɗanda ke ganin babban taron 7:9 a matsayin waɗanda suka tuba ta hannunsu. Ra'ayi ne da manyan malamai suka riƙe, ba abin raini ba, amma taswirar ta rubuta shi kamar nassi. Ɗaya fahimtar ba ta samu ko layi guda ba: a 7:4 Yohanna ji ya yi an faɗi adadi, a 7:9 kuma ya duba ya ga taron da ba mai iya ƙirgawa daga kowace al'umma da harshe. Haka ya faru a 5:5-6, aka ce masa Zaki, da ya duba sai ya ga Ɗan Rago. Masu bin wannan suna cewa jama'a ɗaya ce, 12 sau 12 sau 1,000, an jera ta kamar ƙidayar mayaƙa ta Littafin Ƙidaya sura 1. A Jos kuwa, inda Shaidun Jehobah ke bin gida-gida suna cewa 144,000 kaɗai za su shiga sama, 'yan Adventist kuma na haɗa hatimin da kiyaye Asabar, ɗalibin da layi ɗaya kawai ya sani zai rasa bakin magana.

Shi kansa hatimin an zana shi jan tambari, kusan launi ɗaya da alamar dabbar ta 13:16 da ke gefensa. Abubuwa biyu ne daban, har a Helenanci kalmominsu daban. Ru'ya 14:1 ta faɗi abin da ke goshinsu: sunan Ɗan Ragon da na Ubansa. Wannan sura ba ta bayyana a taswirar ba ko kaɗan, haka ma 9:4 inda aka hana fari, wato tarin fara, taɓa masu hatimi.

Ga mai son amfani da ita, ta fi dacewa da mako na ƙarshe, ba na farko ba. A fara da Ezekiyel 9:1-6, inda aka sa wa masu baƙin ciki saboda zunubin Urushalima shaida a goshi kafin hukunci. Mako na biyu a karanta Ru'ya 6:12 zuwa 7:17 a zama ɗaya, ɗalibai su rubuta kabilun da hannunsu su gwada da Farawa 49. Na uku a haɗa 14:1-5 da Afisawa 1:13 da 4:30. A na huɗu a rataye taswirar, a bar aji ya nemo kurakuran da kansa. Kafin a biya kuɗi a sa mai shago ya warware ta a duba akwatin kabilu, kuma a gida a naɗe ta kamar tabarma, domin ninki yana fasa fentin daidai kan layin shekara bakwai ɗin.