GARGAƊI: Masu tallar cin abincin dare cikin jirgin ruwa a Yamai, kar ku tura musu ko dala

Assalamu alaikum jama'ar Yamai da kewaye. Dan Allah duk wanda ya ga wannan rubutu ya tura ma 'yan uwanshi, musamman gurup na mata da na 'yan fada, saboda akwai wasu 'yan damfara da suka fito da sabon salo a Facebook da TikTok da WhatsApp, wai suna shirya yawo cikin jirgin ruwa da marece, a ci abincin dare a kan kogin Isa, wato kogin Neja, ana kallon fitilun gari. Babu jirgin, babu abincin, babu ma ofishi, lambar waya ce kawai da hotunan sata. Ba zan rubuta sunan shafin ba tunda canza shi suke yi kamar ba komi, yau wannan suna gobe wancan, idan na ba ku suna ɗaya sai ku riƙe shi su kuma su zo muku da wani. Salon nasu nake so ku gane.

Tallar tana da kyau ƙwarai, wannan kam ba a musu. Bidiyo ne na wani jirgi mai bene, an jera tebura da fararen kyallaye, fitilu ko'ina, masu hidima da fararen riguna, ga kiɗa a hankali. A ƙasa sun rubuta da Faransanci da Hausa har da Zabarmanci cewa kowace Asabar ana tashi ƙarfe 6 na yamma a dawo ƙarfe 8, za a bi ƙarƙashin gadoji uku na Yamai, a je har Boubon a ga dorina, a ci gasasshen giwan ruwa da tsire da dambun zogale, a sha zoɓo mai sanyi. Mutum ɗaya jika 15, miji da mata jika 25, sannan akwai wai na manya a saman bene jika 40. Yara rabin kuɗi. Kana taɓa lambar sai wata mata ta amsa maka da vokal, murya mai daɗi, ladabi kamar ta san ka tun da, "Hajiya ina wuni, ya iyali, wallahi kin yi sa'a saura wuri uku kawai na wannan satin, ki tura rabin kuɗi mu riƙe miki." Wannan "saura wuri uku" ɗin kowa shi ake gaya ma. Da na haɗu da waɗanda aka cuta muka kunna vokal ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, magana guda ce, Hajiya ko Alhaji kawai ake sauyawa.

Ƙanwata tana cikin waɗanda abin ya faɗa ma, ita da matan foyandinsu, wato ƙungiyarsu ta mata masu adashi. Kuɗin adashinsu ne na ƙarshen shekara suka ce bari su ɗan fita su huta su ma ko sau ɗaya, matan da kullum suna tsakanin murhu da kasuwa da kai yara lakwal. Suka haɗa avans suka tura. Sunan da ya fito wurin turawa na namiji ne, da suka tambaya aka ce "ai kesiyenmu ne." Bayan kwana biyu aka ce a cika sauran kuɗin saboda za a sayi kifi tun da wuri, wannan karon wata lamba daban da wani suna daban. Aka turo musu tikiti mai kyau a waya, da lambar kujera da komi. Sannan aka ce kowa ta turo hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, wai jandarmomi ne ke buƙatar sunayen fasinja kafin a shiga ruwa. Suka tura. Wannan ya fi kuɗin tayar min da hankali, zan dawo kanshi.

Wurin haɗuwa ba su faɗa ba sai ranar. Da azahar aka ce bakin kogi kusa da gadar Kennedy, da la'asar aka ce a'a an sauya, a gangaro ta wajen Gamkalle. Mata suka ci ado, leshi da bazin da lalle, wasu da goyo, suka biya taksi suka je. Ƙarfe 6 ya yi, aka turo saƙo jirgi ya tsaya shan mai. Aka kira magariba suka yi salla nan bakin ruwa a kan mayafansu. Sai wani saƙon, wai an manta kuɗin asirans, kowa jika 2, in ba haka ba ba za a bari jirgi ya taso ba, kuma wallahi wasu sun sake turawa, saboda mutum in ya riga ya zuba kuɗi mai yawa yana tsaye da yara ga duhu, jika 2 ba ya ganin ta komi in dai abin zai yiwu. Daga nan aka cire su daga gurup, aka buloke su duka, lambar ta daina shiga.

Lokacin da na isa ɗauko su sauro ya riga ya gama da ƙafafun yaran, wata yarinya ƙarama sai tambaya take "Mama ina jirgin?" uwar ta kasa ba ta amsa. Akwai wani dattijo masunci yana ɗaure kwale-kwalenshi a gefe, na matsa na gaishe shi na nuna mishi hoton a waya na ce Baba dan Allah wannan jirgin a ina yake tsayawa? Ya kalla da kyau ya maido min wayar, ya ce "Ɗana, a bakin ruwan nan aka haife ni, a nan na yi furfura, ban taɓa ganin wannan ba. Kuma ba su ne na farko ba, kwanaki wani ango ya zo da amaryarshi suka tsaya nan har isha'i." Shi ne ya ɗauko tocila ya haska musu hanya har suka hau titi, Allah ya saka mishi da alheri.

To yanzu ga abin da nake so kowa ya lura da shi, domin kogin da kanshi yana tona musu asiri in mutum ya tsaya ya yi tunani kaɗan. Mu 'yan Yamai mun san bakin kogin nan. Ɓangaren gari akwai manyan otel da Palais des Congrès a wajen gadar Kennedy, ka gangara Gamkalle ka tarar da majema, ka ga masu wanki sun shanya kaya a ƙasa. Ɓangaren Harobanda kuma lambuna ne da gonakin shinkafa da unguwanni, ga jami'ar Abdou Moumouni can ciki. A bidiyon nasu dogayen benaye ne jere a duka gaɓoɓin biyu, masu hawa ashirin talatin, ina muke da wannan? Da na tsayar da bidiyon na ƙara girman hoton sai ga rubutun Larabci a jikin jirgin, can baya kuma ga doguwar hasumiyar nan ta birnin Alƙahira. Kogin Nilu ne a Masar. Wani hoton na teburin abinci da na saka a Google Lens, manhajar da ke binciko asalin hoto, sai ya kai ni shafin masu yawon ruwa na Dubai. Abin da bai ɗauke ni minti biyar ba.

Sai lissafin tafiyar. Gadoji uku gaskiya ne muna da su, ta Kennedy da aka buɗe a 1970, ta biyu wadda Sinawa suka gina aka buɗe a 2011 tana ƙasa ta wajen Gamkalle, sai ta Janar Seyni Kountché ta 2021 tana sama ta wajen Goudel. Amma Boubon kusan kilomita 25 ne daga Yamai, kuma haurawa ake yi, ruwa na turo ka baya. Zuwa da dawowa kilomita 50 ke nan, ka ƙara da sauka gada ta biyu, duk a cikin awa 2, cikin duhu, ana cin kifi a kan tebur? Kuma dorinar da za a gani da dare, da wane ido? Duk masuncin da ka tambaya zai gaya maka dorina ba abin wasa ba ce, da dare take fitowa kiwo, kuma in tana da ɗa tana iya kife kwale-kwale. Mai hankali nesa yake yi da ita, ba ya sa ta cikin talla ta dare.

Sannan sun ce kowace Asabar duk shekara. Wannan kaɗai ya isa. Kogin nan ba ya zama iri ɗaya. Yanzu lokacin sanyi yana cike saboda ruwan da ya taso daga Gine ya bi ta Mali sai wajen Disamba da Janairu yake iso mu, shi ya sa ma suka zaɓi wannan lokaci, kowa ya hau gada ya ga ruwa shimfiɗe sai ya yarda. Amma daga Afrilu zuwa Yuni ruwa janyewa yake yi, yashi da duwatsu su fito, wasu wuraren yara da ƙafa suke ratsawa, manyanmu ma suna ba da labarin 1985 lokacin da kogin ya daina gudu a Yamai. Don haka ne aka yi shingen Goudel a tare ruwan sha na gari. A Agusta da Satumba kuma jan ruwan damina ne mai ƙarfi, wanda ya ga 2020 da ruwa ya kai mita 7 ya ci gidaje a Lamordé da Saga da sauran unguwannin bakin kogi ba sai an gaya mishi ba. Wane jirgi mai bene ne zai yi aiki a duk waɗannan lokuta kuma ba wanda ya taɓa hango shi daga kan gada?

Abin da ke min ciwo shi ne sha'awar da suke wasa da ita ba laifi ba ce. Faɗuwar rana a kan kogin Isa abu ne mai kyau na gaske, ruwa ya yi ja, jemagu su taso garke-garke, masunta na jefa birgi, fitilun gada su kama. Mutum ya so ya kai iyalinshi su gani, ina aibu? Kuma akwai masu kwale-kwale na gaskiya da ke ɗaukar mutane yawo, da shi suke ciyar da gidajensu, yanzu waɗannan ɓarayin suna ɓata musu suna. Saboda haka ban ce kar a shiga ruwa ba. Cewa na yi a daina cinikin biri a sama. Ka je bakin kogi da rana da ƙafarka, ka ga jirgin da idonka, ka ga mai shi, ka taɓa rigunan kariya ka ƙirga su ka tabbata sun kai yawanku har da na yara, ka tambayi mutum nawa yake ɗauka, ku yi ciniki, ka biya lokacin da za ku shiga ko ma bayan kun sauka. Ku fita da sauran rana ku dawo kafin duhu, don kainuwa tana naɗe inji, kuma inji ya mutu tsakiyar ruwa da dare da mata da yara ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Idan an ce maka wani otel ne ya shirya, ka je otel ɗin ka tambaya a resepsiyon, kar ka kira lambar da ke jikin tallar don ita ce za ta ce maka eh. In sun ƙi nuna maka jirgin kafin biya, ko suka ce wurin haɗuwa sai ranar, ka rufe hirar kawai.

Maganar katin ɗan ƙasa. Hoton katinka a hannun irin waɗannan mutane ana iya amfani da shi a cuci wani da sunanka, a tura ma wanda za a damfara a ce "ga katina don ki yarda da ni," gobe a zo ana nemanka kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Ina kyautata zaton sunayen da ke fitowa wurin karɓar kuɗin ma wasu na bayin Allah ne da aka yi ma haka. Kuma ba su tsaya nan ba. Bayan kwanaki wani ya kira ɗaya daga cikin matan ya ce shi ma'aikaci ne mai maido ma mutane kuɗinsu, an kama ɓarayin, ta karanto mishi lambobi 6 da za su shigo wayarta. Lambobin WhatsApp ne, tana bayarwa ya ƙwace akawun ɗinta ya shiga roƙon danginta kuɗi da sunanta wai tana asibiti. Sai da aka bi gida gida ana faɗa ma mutane ba ita ba ce. Kar ku ba kowa lambar da ta shigo muku ta saƙo, ko wane ne shi, kuma ku shiga saitin WhatsApp ku sa lambar sirri ta biyu yau ɗin nan.

Na san da yawa sun yi shiru saboda kunya, wata ba ta gaya ma maigida ba, wani yana tsoron 'yan fada su yi mishi dariya. 'Yar uwa ba ke kika yi sata ba, ke aka yi ma. Shirun nan shi ne jarinsu, da shi suke samun sabbin mutane kowane sati. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, kuma 'yan sandan PJ, wato sashen binciken laifuka, a nan Yamai suna karɓar irin wannan ƙara. Kar ku goge komi. Ku ɗauki hoton duk hirar, ku ajiye vokal, da tikitin bogi, da resi ko saƙon tura kuɗi mai ɗauke da lamba da suna da rana da awa, ku kai rahoton shafin a Facebook da TikTok, sannan ku koma inda kuka tura kuɗin ku sanar da su lambar. Wanda ya tura hoton katinshi ya faɗa a cikin ƙarar a rubuta, don ya zama shaida gare shi nan gaba.

Matan foyandin ƙanwata sun riga sun tattara nasu takardun, ranar Litinin da safe za mu je PJ tare in Allah ya kai mu. Duk wanda aka yi ma irin wannan, ko da jika 2 ce ta asirans, ya haɗa shaidarshi ya zo, ƙarar mutum ashirin a kan lamba ɗaya ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Kuma na ga yau da safe sun sake buɗe wani shafi da sabon suna da bidiyon nan dai na Alƙahira, suna tallar na musamman na daren sabuwar shekara, wai saura wuri uku.