Direban katin hoto: buɗaɗɗe ko rufaffe, abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Mai neman katin hoto na kwamfutar tebur, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, ƙarfi yake tambaya: gigabait nawa gare shi, wane wasa zai iya ɗauka, wutar nawa yake ci. Da wuya ka ji ya yi maganar direba, alhali direban ne zai zauna da shi kullum. Direba dai ita ce manhajar da ke yin tafinta tsakanin katin da sauran kwamfutar. In ta yi kyau ba ka ma tunawa da ita, in kuwa ta ƙi, katin duk tsadarsa ya zama ƙarfe.

Idan Windows kake amfani da ita, zancen gajere ne. Nvidia da AMD da Intel duk rufaffen direba suke bayarwa a can, ka sauke ka saka, shi ke nan. A Linux ne, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, ake da zaɓi, kuma ba bayan saye ake yinsa ba. Tun ran gini ran zane: ranar da ka zaɓi kamfanin kati, ranar ka zaɓi irin direban da za ka rayu da shi.

Buɗaɗɗen direba shi ne wanda rubutunsa yake a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. A Linux kashi biyu ne. Ɗaya yana cikin kenel, wato zuciyar tsarin, ɗayan kuma yana cikin tarin manhajar da ake kira Mesa, mai kula da OpenGL da Vulkan, wato hanyoyin da wasanni da sauran manhajoji ke bi su sa katin ya zana hoto. Amfaninsa ga wanda bai taɓa rubuta manhaja ba shi ne tare da tsarin yake zuwa. Ka sa kati, ka kunna, hoto ya fito. Rufaffe kuwa kamfanin ne kaɗai ke ganin cikinsa, shi ke gyarawa lokacin da ya ga dama, kuma daban ake liƙa shi a jikin kenel.

AMD ce ta fi kowa canza hali a wannan fage. Bayan ta sayi ATI a 2006, ta fara sakin bayanan katunanta ga masu rubuta manhaja a 2007. Tsofaffin masu Linux ba su manta da wahalar rufaffen direbanta na da mai suna fglrx ba. Direban amdgpu ya shiga kenel a 2015, sai RADV, direban Vulkan da ke cikin Mesa, ya biyo baya a 2016, kuma ba ma AMD ce ta faro shi ba, masu rubuta manhaja ne daga waje. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne kamfanin Valve, wanda ya riƙa biyan mutane su inganta shi, don na'urar wasansa ta Steam Deck da ta fito a 2022 a kansa take gudu. Duk gyaran da aka yi don wannan na'ura, mai katin Radeon na AMD a tebur ya samu a kyauta. Shi ya sa a yau mai wasanni a Linux da katin AMD ba shi da dalilin neman rufaffen direba.

Amma kada a ruɗe ka da kalmar "buɗaɗɗe". Katin AMD ma ba ya tashi sai da wata ƙaramar manhaja rufaffiya da ake loda masa a ciki lokacin kunnawa. Sannan sabon kati yana son sabon kenel da sabuwar Mesa. Wanda ya sayi katin da ya fito watan jiya ya sa masa Debian, wani nau'in Linux, mai shekara biyu, zai iya tarar da allo ba yadda yake so ba, ba don katin ya lalace ba, sai don tsarin bai san shi ba tukuna. Akwai kuma batun HDMI 2.1, ƙa'idar wayar da ke kai hoto daga kati zuwa allo. A farkon 2024 ƙungiyar da ke riƙe da ƙa'idar HDMI ta ƙi amincewa AMD ta sa wannan fasaha a buɗaɗɗen direba. Mai allon kwamfuta da ke da DisplayPort, wani ramin haɗa allo daban da HDMI, wannan bai dame shi ba. Mai niyyar haɗa kwamfutarsa da babban talabijin na 4K mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, wanda yawanci ramin HDMI kaɗai gare shi, shi ya kamata ya bincika halin da ake ciki kafin ya saya.

Labarin Nvidia ya fi tsawo, kuma ya fi sarƙaƙiya. Shekara da shekaru rufaffen direbanta shi ne mafi ƙarfi a Linux, kuma shi ne mafi jan rigima. A 2012 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya fito fili a wani taro a jami'ar Aalto ta ƙasar Finland ya caccaki kamfanin kan ƙin haɗa kai. Akwai buɗaɗɗen direba mai suna Nouveau, wanda masu sa kai suka gina ta hanyar lalubo yadda katin ke aiki ba tare da takardun kamfanin ba. Aiki ne na jarumta, amma ga katunan GTX 900 da GTX 10 an ɗaure masa ƙafa: ba ya iya ɗaga saurin katin daga mafi ƙanƙantar matakinsa. Kamar a ba ka doki mai gudu ne a ce sai dai tafiya. Zai nuna maka tebur da bidiyo, amma wasa mai nauyi sai haƙuri.

A watan Mayun 2022 Nvidia ta buɗe ɓangaren direbanta da ke zama cikin kenel, ga katunan zamanin Turing zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20 da na bayansu. Daga direba mai lamba 560 a 2024 shi ne ta mayar na farko, kuma katunan RTX 50 da shi kaɗai suke aiki. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, su ce ai Nvidia ta zama buɗaɗɗiya. Rabi ne kawai. Ɓangaren da ke yin OpenGL da Vulkan da CUDA (fasahar Nvidia ta sa kati ya yi lissafi mai nauyi) har yanzu a rufe yake, kuma ɓangaren da aka buɗe ɗin ba ya cikin kenel na Linux, daban ake ɗora shi. Cikakkiyar buɗaɗɗiyar hanya ita ce NVK, direban Vulkan na katunan Nvidia da ke cikin Mesa, wadda ta yi ci gaba da sauri, sai dai ban ba wanda ya kashe kuɗi mai yawa kan RTX shawarar ya dogara da ita kaɗai ba.

Me wannan "ɗorawa daban" ke nufi a aikace? Duk lokacin da kenel ya sabunta, dole a sake gina direban ya dace da shi. Akwai kayan aiki irin su DKMS da ke yin haka da kansu, kuma galibi lafiya lau. Ranar da ba su yi ba ce matsala: ka sake kunna kwamfuta, tambarin farko ya wuce, sai baƙin allo da ɗan farin layi yana ƙyaftawa a kusurwar hagu ta sama. Sai ka danna Ctrl da Alt da F3, ka shiga da rubutu, ka fara lalube da waya a hannu ɗaya. Idan Secure Boot na kunne, wato tsaron da ke hana loda direban da ba shi da amintaccen sa hannu, akwai wani mataki kuma. Bayan saka direban, da ka sake kunna kwamfutar wani shuɗin allo zai fito yana neman kalmar sirrin da ka zaɓa lokacin sakawa, don ya amince da mabuɗin da aka sa wa direban hannu da shi. Yana jira na ɗan lokaci ne kawai. Wanda ya tashi ya bar wurin, ya dawo ya tarar ya wuce, direban ba zai loda ba. A cikin nau'o'in Linux, Ubuntu ta sauƙaƙa wannan sosai, tana kawo direban a shirye da sa hannu. A Fedora sai ka ƙara ma'ajiyar RPM Fusion da kanka.

To me ya sa mutane ke jure wannan? CUDA. Tun 2007 Nvidia take gina shi, har ya zama mafi yawan manhajojin koyar da ƙirƙirarriyar basira da na lissafin kimiyya a kansa aka fara rubuta su. Mai aiki da PyTorch wajen koyar da ƙirƙirarriyar basira, ko mai zane da Blender da ke son saurin fasahar Nvidia ta OptiX, ko mai tace bidiyo da DaVinci Resolve, hanyar Nvidia ce ta fi miƙewa gare shi. AMD tana da nata mai suna ROCm, buɗaɗɗe ne kuma yana gyaruwa, amma jerin katunan da yake goyon baya a hukumance gajere ne, sai ka duba sunan naka a ciki tukuna. In da wannan aiki kake cin abinci, ni dai ba zan ce ka bar Nvidia don aƙida ba. Ko tsohon ƙorafin da ake yi cewa da katin Nvidia allo na ƙyaftawa a Wayland, sabon tsarin nuna tebur a Linux, ya ragu ƙwarai tun direba mai lamba 555.

Intel ba ta buƙatar dogon bayani. Ta daɗe tana rubuta buɗaɗɗen direba, kuma katunanta na Arc da suka fara fitowa a 2022 a kan wannan turba suke. Sharaɗi ɗaya: allon uwa (motherboard) na kwamfutarka ya kasance yana da saitin da ake kira Resizable BAR a kunne, in ba haka ba katin zai yi ƙasa da ƙarfinsa.

Abin da aka fi mantawa shi ne tsufa. Rufaffen direba yana da ranar yaye. Katunan Nvidia na zamanin Kepler sun tsaya a direba 470, kuma kamfanin ya sanar cewa 580 ne na ƙarshe ga GTX 900 da GTX 10. Daga ƙarshe kenel zai ci gaba da tafiya, direban yana tsaye. Su kuwa katunan Radeon HD da suka haura shekara goma har yanzu Mesa na ɗauke da su, don duk wanda ya damu yana iya gyarawa. Saboda haka mai sayen katin hannu don Linux, GTX 1060 mai araha ba lallai ya zama riba ba, RX 580 na AMD na zamaninsa ya fi alamar daɗewa. In kuwa Nvidia ɗin kake so a na hannu, kada ka sauka ƙasa da GTX 16 ko RTX 20, kuma ka gwada shi da filashin Linux ɗin da za ka yi amfani da shi kafin kuɗi su bar hannunka.