Asibitin da ya manna farashinsa a bango

Jama'a bari in ba ku labarin wani ƙaramin asibitin kuɗi a Tudun Wada da na kai Inna satin da ya wuce, suga da hawan jini ne suka taso mata cikin dare. Ina shiga wajen yankar kati sai ga takardar farashi manne a bango, kuɗin kati daban, ganin likita daban, gwajin jini, hoton ciki, kwanan gado, komai a rubuce. Wallahi sai da na karanta sau biyu, don mun saba sai an ɗaura wa mara lafiya ruwa tukun a miƙo maka bil, lokacin kuma ba ka da bakin magana.

Ba arha fa. Na ɗan yi ƙorafi, mai karɓar kuɗin ta ce "Yaya kana jin janareton can? Tun magariba yake shan mai." Kuma gaskiyarta ne, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 naira kuma ta faɗi komai na asibiti ya tashi, sinadarin gwaji da yawancin magunguna da dala ake shigo da su, ga kamfanin magunguna na GSK ya tattara ya bar ƙasar a shekarar, duk mai sayen maganinsu Augmentin ya ji a jikinsa. A asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, ganin likita ya fi sauƙin kuɗi kuma can manyan likitoci suke, amma ka lissafa kuɗin mota da dogon layi da tsohuwa tana jiri ƙarfe ɗayan dare.

Inda raina ya sosu shi ne famasinsu. Maganin hawan jinin da suka ba mu, washegari na tambaya a kemis a Sabon Gari, bambancin ya yi yawa haba, kuma shi ne kaɗai ba a sa a takardar bangon ba. Sannan ba sa karɓar inshora, ba NHIA ta gwamnatin tarayya ba KADCHMA ta jihar Kaduna, alhali mai katin NHIA kashi 10 kawai yake biya na kuɗin magani.

Nas ɗin dare kam Allah ya saka mata, sau uku tana zuwa auna Inna tana ce mata "sannu Mama". Ranar Alhamis za mu koma a duba ta, amma zan ce likita ya rubuta min maganin in saya a waje.